Ranar da Garin Abu Gassan Ya Hau Rufin Mota

Akwai wani tsohon magini a bakin tsohuwar hanyar Bairut zuwa Sham, ana ce masa Abu Gassan. Mu da muka tashi a tsaunukan nan, babu wanda ba a taɓa riƙe hannunsa an kai shi kallon ƙaramin garinsa ba.

Gari ne sukutum ya gina da duwatsu, amma gidan da ya fi tsayi bai wuce gwiwar mutum ba. Ga jan rufi, ga masallaci, ga coci, har da rijiyar da ake jan gugarta da zare.

Masu yawon buɗe ido ke biyan kuɗin ƙofa. Direbobin haya kuwa, ko sisi ba ya karɓa. Wanda motarsa ta yi zafi a hawan tsauni, nan yake samun ruwa da gahawa. Wanda ƙanƙara ta tare wa hanya, nan yake kwana.

Matarsa Ummu Gassan kullum cikin mita take: "Ka rubuta 'gidan gahawa kyauta' a ƙofa mana, mu san inda talaucinmu yake shigowa!"

Ana nan aka buɗe sabon titi, motoci suka koma can. Ga tsufa, ga babu masu kallo. Dole ya sayar da filin ga masu gidan mai. Su kuwa ƙasa suke so, suka ce ya kwashe kayansa kafin Asabar, in ba haka ba katafila ta share.

Ya sa garin a kasuwa. Dillali ɗaya ne ya zo, ya zaɓi gida biyu, ya ce sauran tarkace ne. Abu Gassan ya ce, "Ba a sayar da gari gida-gida." Ya raka shi ƙofa.

Abin ya ci masa rai ƙwarai, aikin rayuwarsa zai koma ɓaraguzai. Amma tsohon akwai girman kai, ko ɗansa bai faɗa wa ba. Ummu Gassan ce ta tsegunta wa mai gasa burodin unguwa, kuma kowa ya san wannan ya fi sanarwa a rediyo.

Da safiyar Asabar sai ga ham ta ko'ina, kamar an kawo amarya. Motocin haya ne jere har kwanar tsauni. Marwan, shugaban direbobi, ya fito da tumbinsa yana haki, ya nufi tsohon, wanda suke kira Ammo, wato baffa.

"Ammo, haka ake yi? Gari zai rushe, sai a bakin mai burodi za mu ji? Akwai fili a bayan tasharmu ta sabon titi. Mun haɗa kuɗi, mun saye garin duka, har da mai garin."

Abu Gassan ya murtuke fuska, ya kama gashin bakinsa. "Na rantse da wannan, ba zan karɓi kuɗin baƙona ba. Ku ɗauka kyauta."

Marwan ma ya cafke nasa. "Ni ma na rantse da nawa, ba mu ɗaukar ko tsakuwa kyauta!"

To fa. A wajenmu namiji in ya rantse da gashin baki, ya gwammace ya kwana da yunwa da ya janye. Suka tsaya cirko-cirko, wannan ya tura ambulan ɗin kuɗin, wancan ya turo. Ga ƙarar katafila tana hawowa daga ƙasan tsauni.

Sai Ummu Gassan ta fito tana goge hannu da gefen riga, ta fizge ambulan ɗin.

"Ni dai Allah bai ba ni gashin baki ba. Shi bai karɓa ba, ku ba ku ɗauka kyauta ba. Kuna jiran me? Ku kwashe!"

Wuri ya kaure da dariya. Nan da nan aka fito da igiyoyi da barguna, kowace mota aka ɗaure mata gida a ka. Abu Gassan ya zauna a gaban mota kusa da Marwan, hawaye na zuba, bai ko damu ya share ba. Bakinsa dai bai mutu ba.

"A hankali, ɗan nan! Masallaci ne fa a kanka!"

Marwan ya ce, "Ammo, tunda nake tuƙi, yau ne na fara shiga kwana da tsoron Allah."

Da katafila ta iso, ba ta tarar da ko gida ɗaya na rushewa ba.

Darasi: Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ruwan da ka ba matafiyi yau, shi zai dawo ya ɗauke maka kayan da suka fi ƙarfinka. Kuma in ka shiga matsala, kada girman kai ya rufe maka baki a gaban masu ƙaunarka. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman masu taurin kai irin na Abu Gassan.