Kufan Wa Za a Kira Shi?

To, ku ajiye gardamar ƙwallon nan haka, kun cika mana kunne tun azahar. In gardama kuke so, ga wadda ta fi ta tsoka. Kai mai dariyar can, matso kusa, don kai zan fara tambaya in na gama.

Akwai wani ƙauye da ake kira Maitsani, a gindin wani dutse mai faɗin kai. Zamanin yaƙe-yaƙe a bisa dutsen kakanninsu suka zauna. Da duniya ta yi lafiya suka sauko, saman ya zama kufai, ba abin da ya rage sai kukoki da guntun ganuwa da tsingaro birjik. A garin akwai 'yan'uwa uku, uwa ɗaya uba ɗaya: Jatau babbansu, manomi, Tabawa mai bi masa, maginiyar tukwane, sai autansu Cindo, ɗan ƙwadago.

Jatau ba mugu ba ne, kada ku ɗauki alhakinsa, amma akwai shi da ƙyashi. Allah bai ba shi haihuwa ba, ga furfura ta fara leƙowa. In ana suna a gidan ƙannensa zai je, ya karɓi goro, ya shafa fatiha, ya dawo gida ya kasa cin tuwo. Abin da ke cin ransa ɗaya ne: ranar da aka rufe shi, da sunansa za a rufe. Dukiyarsa duka gonar gado ce a bisa dutsen, wadda kowa ya ce ya bar wa birai, ya ƙi.

Wata damina yana huɗa sai garmarsa ta ci karo da wani abu. Ya tona, sai ga kan mutum na yumɓu, da idanu da kitso, yana kallonsa. Ya ja da baya. Ya yi a'uziyya, ya ɗaga garmar ya rotsa shi, ya kwashe gutsattsarin ya watsa a kwazazzabo. A Maitsani kuwa al'ada ce tun kaka da kakanni, abin da ƙasar kufai ta tofo ba a shiga da shi gari, ba a kuma ba da labarinsa, sai dai a danne wurin da duwatsu. Haka Jatau ya yi. Ya tara tulin duwatsu a kan ramin, ya ja bakinsa ya tsuke.

To, a wannan kwazazzabon Tabawa take ɗibar yumɓu. Tana haƙa ta tsinci rabin kunci, ta goge shi da bakin zane, sai ta ga tsaga uku-uku irin wadda ke fuskar kakarsu marigayiya. Ta bi kwazazzabon da rarrafe tana tsince sauran, ƙaya na yagar ta, ta ƙunso su ta kai gida duk da ta san an hana. Ta yi ta gwada wannan da wancan tana liƙawa da ƙaro, har kaka ta wuce kafin fuskar ta haɗu. Magana kuwa ba ta kwana a ƙauye. Aka ce Tabawa ta ajiye gunki, mata suka daina sayen tukwanenta, har randar da ta gina wa maƙwabciyarta aka dawo mata da ita. Wani dillali daga birni ya ji labari ya zo da romon baka. Ba zan ɓoye muku ba, yunwa ta sa har ta naɗe kan a tsumma za ta miƙa masa. Da ta sake duban tsagar nan sai ta fasa, ta ce ba a sayar da kaka.

Ana nan sai ga wani kamfanin fasa dutse ya zo da takardar izini. Za su sa wa dutsen nakiya su mayar da shi tsakuwa, mutanen gari kuma a tashe su, tunda ba a zama ƙarƙashin ruwan duwatsu. Cindo na cikin waɗanda aka ɗauka aiki, da hannunsa ya huda ramukan da za a cusa nakiyar. A bakin abokan aikinsa ya ji cewa doka ta hana fasa wurin tarihi. Ya tuna da kan da ke ɗakin yayarsa, ya ɗauki hotonsa a waya, ya tafi birni ofishin masu adana kayan tarihi. Suka ce suna zuwa. Amma kun san zuwan hukuma, ranar fashewa ta riga su. Da hantsi aka busa usur kowa ya sauko, sai Cindo ya hau ya zauna daram a kan ramukan da ya huda, ya ce sai dai a fasa dutsen tare da shi. Aka yi lallashi, aka yi barazana, ko gezau. Masu gadi suka jawo shi suka lakaɗa masa duka har hannunsa na dama ya karye, ya kuɓuce ya sake komawa. Ganin jini ya sa 'yan sanda suka dakatar da aikin, kafin a warware rigimar masu tarihi suka iso. Cindo dai ya rasa aikinsa, hannun kuma ya ɗoru a karkace, har yau ba ya ɗaga guduma.

Shugabar masu tarihin wata mace ce, Malama Larai. Da ta ga kan sai da ta cire tabarau ta share ido. Nan da nan gari ya juya. Waɗanda suka ce gunki ne, su ne ke cewa ai kakarmu ce. 'Yan rediyo suka zo, Tabawa ce, Cindo ne, Tabawa ce, Cindo ne, har maroƙa sun fara yi musu kirari. Jatau yana gefe a gindin durumi, ba wanda ya ko ce masa sannu. Wallahi ji ya yi kamar an zuba masa barkono a ƙirji. Shi da ya fara ganin abin, shi da ya goyi su biyun nan suna majina!

Sai dai magana ba ta ƙare ba. Lauyan kamfani ya ce kan yumɓu ai daga ko'ina ana iya kawo shi. Malama Larai ta tara jama'a ta ce gaskiyarsa ce, abu in ya bar makwancinsa ya zama maraya, dole a nuna inda ya fito a tona a ga 'yan'uwansa. Tulin duwatsu kuwa a kan dutsen nan sun fi a ƙirga, na kowane zamani da kowane matsoraci. Suka tona nan, suka tona can, ba komai sai tsingaro. Wa'adin da hukuma ta ba su na kawo shaida ya zo ƙarshe.

Jatau yana ji yana gani ya yi gum. Ya san in ya nuna wurin, waya za a zagaya wa gonarsa, shi da noman ta har abada. Ya kuma san wa za a ƙara yi wa tafi. Tabawa ta same shi a zaure, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Yaya, ba ni da shaida," in ji ta, "amma na san gonar da ke bisa kwazazzabon nan."

Bai ko dube ta ba ya ce, "Ku da kuka iya, ku da rediyo ya sani, ai sai ku nemo."

Ta tashi tana share hawaye. Washegari masu tarihi suka fara loda kayansu a mota, katafilar kamfani kuma ta tayar da inji. Jatau ya ga tsofaffi sun fito da ƙullin kayansu suna kallon gidajen da aka haife su. Ya tuna kabarin uwarsu yana nan bayan masallaci. Ya tsine wa Shaiɗan, ya saɓa garmarsa, ya ce wa Malama Larai ta biyo shi. A gaban kowa ya faɗi abin da ya aikata, ya kwashe duwatsun da hannunsa. Da aka tona a hankali sai ga gangar jikin a zaune, wuyanta ya yi daidai da kan Tabawa cif. Ga murhun narka tama a gefe, ga duwatsun wuya, ga daɓen ɗakuna. Tulin da tsoro ya sa shi tarawa shi ya hana ruwa da tayar katafila lalata su. Hukuma ta soke izinin kamfani, dutse ya tsira, gari ya tsira. Gonar Jatau kuwa aka kewaye ta da waya tun dawarsa ba ta nuna ba.

Da a nan ta tsaya da sai mu ce madalla mu tashi. Amma a Maitsani rijiya sunan wanda ya haƙa ta take ci, fadama sunan wanda ya share ta. Malama Larai ta ce su ma haka suke, za a kafa allo a bakin hanya da sunan mutum ɗaya, da shi za a san wurin a littattafai har jikokin jikoki. Ta bar wa dagaci zaɓi, dagaci ya kira su ukun.

Nan fa ƙyashin da ake gani Jatau ne kaɗai ke da shi ya fito fili a cikin kowa. Tabawa ta ce wanda ya rotsa abu ba ya cin sunansa, da ba ta tsince ta liƙa ba da Cindo hoton me zai kai birni, ita ce kuma ta sha zagi da yunwa ita kaɗai. Cindo ya ɗaga karkataccen hannunsa ya ce da bai zauna kan nakiya ba, da kan da gonar da mai gonar duk sun zama tsakuwa. Tabawa ta tuna masa wa ya huda ramukan, shi kuma ya tuna mata dillali da tsumma. Jatau ya bari sai da suka gaji, sannan ya yi magana.

"Ranka ya daɗe, na fasa, ban musa ba. Na yi shiru, ban musa ba. Amma da ban nuna ba, wahalarsu duka ta tashi a banza. Ita tukwanenta sun dawo kasuwa, shi yana da 'ya'yan da za su yi masa noma. Ni gonata ce ɗana, ita na bayar. Su in sun mutu akwai masu amsa sunansu. Ni wa zai amsa nawa?"

Tabawa ta ce, "Yaya, tausayi daban, haƙƙi daban."

Dagaci ya sunkuyar da kai, ya ce a ba shi lokaci. Mai fenti da aka ɗauko ya gaji da jira, ya rubuta "Kufan" ya bar sauran fili, ya wanke burushinsa ya tafi. Sallah ta zo ta wuce, ba gidan da ya aika wa wani da tuwo a cikin ukun. Kullum da safe Jatau yakan bi ta gaban allon nan da garmarsa, zuwa ƙwadago a gonar wani, ya ɗan tsaya ya dubi filin da aka bari, ko da yake bai iya karatun boko ba.

To, ga burushi na miƙa muku. Da wanda ya binne ya kuma tone ya rasa gonarsa, da wadda ta tsince ta liƙa ta sha tsangwama, da wanda ya zauna kan nakiya ya bar hannunsa a can, sunan wa za ku rubuta a allon nan? Kai mai dariya, ina jin ka.