Farfesun Hadijatu da Saƙon Minti Bakwai

Akwai wata mata a Agege mai suna Hadijatu, 'yan layinsu na kiranta Maman Mahbub. A nan Legas aka haife ta, Yarbanci a bakinta tamkar Hausa. In dai girki ne, wallahi a ba ta wuri. Suna, biki, walimar sauka, duk ita ake kira ta tsaya a kan tukunya. Ta san ta iya, kuma ba ta ɓoye cewa ta sani.

Hannunta nauyi gare shi. Gishiri, dunƙule, kanwa, kitse, ba ta yi wa tukunya rowar ko ɗaya.

Aibinta guda ne, amma fa babba: ba ta jin magana har ƙarshe. Kana buɗe baki za ta ce, "Na gane, na gane," alhali ko kan zancen ba ka kamo ba.

Aminiyarta kuwa Kalsum ce, matar Habibou, mahauci a kwatar Oko-Oba. Daga Maraɗi aka kawo ta shekara shida da suka wuce, ko sunan tashar danfo ɗaya, motar hayar Legas, ba ta sani ba. Hadijatu ce ta riƙe hannunta ta nuna mata kasuwa, ta koya mata cinikin Yarbawa. Tun daga nan take kiranta Yaya.

Kullum suna cikin tura wa juna saƙon murya. Yau yadda ake miyar taushe, gobe kukan tsadar gas, jibi ciwon baya.

Matsalar ita ce saƙon Kalsum ba ya ƙarewa. Irin tarbiyyar mutanen gida gare ta. Sai ta gaishe ki, ta gaida maigida, ta gaida yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi gajiyar shekaranjiya. Abin da ya kawo ta kuwa, sai can ƙarshe za ta faɗe shi a hankali, lokacin da kike zaton sallama za ta yi.

Wannan hali yana ƙona wa Hadijatu rai.

"Haba! Mutum ya bar albasa a wuta yana sauraron gaisuwa?"

Sai ta ji minti ɗaya ko biyu, ta tsinci tambayar girkin da ke ciki, ta kashe, ta ba da amsa.

Wata ranar Talata saƙo ya shigo, minti bakwai cur. Hadijatu ta ja tsaki ta kunna. Bayan gaisuwa, Kalsum ta ce shanu sun yi tsada, ciniki ya ja baya a kwata, Habibou sai ya yini bai yanka ko ɗaya ba. Sannan ta ce, "Yaya, don Allah yaya ake miyar kuka ta yi daɗi babu dunƙule, babu gishiri, babu nama?"

Nan Hadijatu ta kashe.

"Allah sarki. Talauci ya kai su har dunƙule ya gagara," in ji ta. Ta danna waya ta amsa a gurguje, ta koma kan tukunyarta.

Bayan mako biyu sai ga tata jarabawar. Motar tumatirin mijinta, Uwaisu, ta lalace a hanya daga Arewa. Kwana huɗu tana tsaye a rana. Kafin ta iso kasuwar Mile 12 rabin kayan ya yi ruwa. Kwanduna takwas da aka ƙi saya ya sa aka sauke mata a tsakar gida, ƙuda ya ce salamu alaikum.

Hadijatu ta ɗauki waya ta zazzage wa Kalsum takaicinta, ita ma minti tara. Ta zagi direba, ta zagi hanya, ta zagi bakanike. Can a ƙarshe, muryarta ta yi sanyi, ta ce ba ta san yadda za ta yi da wannan tumatir ba kafin ya ida ruɓewa.

Washegari da hantsi ta ji tsayuwar keke napep a ƙofar gida. Kalsum ce, da manyan tukwane biyu.

"Na ji ƙarshen saƙonki, Yaya. Mu tsince masu kyau mu markaɗa, mu dafa har ya tsotse. Masu sayar da abinci za su saya."

Yini guda suka yi a bakin wuta. Kalsum a zaune ta yi aikin, bini-bini tana miƙe ƙafa. Hadijatu ta dubi ƙafafun, ta dubi fuskar da ta cika, ta kwashe da dariya.

"Ke kuma ana kukan babu, kina ta ƙiba! Dubi ƙafa, ko silifas ba ya shiga. Matar mahauci ba ta ramewa, o!"

Kalsum ta yi murmushin yaƙe. "Ai na faɗa miki a saƙon nan, Yaya."

"Na ji, na ji. Allah zai kawo sauƙi."

Jama'a, ba ta ji komai ba. Ba ƙiba ba ce, kumburi ne.

Tumatir ya sayu, asarar ta ragu. Hadijatu ba butulu ba ce, wannan kam a shaide ta. Ta yi alkawari a ranta cewa ƙanwarta ba za ta ƙara cin miya lami ba muddin tana raye. Kullum in ta sauke tukunya sai ta cika kula ta aika gidan Kalsum. Yau dambun nama, gobe miyar ganda, jibi wake da kanwa ya sha manja. Kular takan dawo a wanke, da 'yar kuka ko kuɓewa busasshiya a ciki, kamar yadda aka saba, ba a mai da kwano haka nan.

Ana haka har kusan wata guda, sai ta haɗu da Rabi, maƙwabciyar Kalsum, a wajen markaɗe.

"Maman Mahbub, Allah ya saka da alheri! Wallahi yarana sun yi kumatu da girkinki."

"Girkina? A ina?"

"Wanda kike aiko wa Kalsum mana. Ai ko buɗewa ba ta yi, mu take miƙo wa."

Hadijatu ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ita? Girkin da ake layi a kansa ranar biki, shi ake rabar wa maƙwabta? Ta dawo gida tana faɗa ita kaɗai, har masu shago suna leƙowa.

"Girman kai! Ga babu, ga girman kai! Ni za ta wulaƙanta?"

Uwaisu ya ce, "Ki kira ta ki tambaye ta mana."

"Tambayar me? Na riga na gane komai."

Ranar Asabar ta tashi da niyya. Ta sayo kayan ciki, ta yi farfesun da ita kanta ta san ba ta taɓa yin irinsa ba. Ta ɗauki kula da hannunta, ta hau keke har gidan.

Gidan haya ne mai ɗakuna suna kallon juna, mata cike da baranda, wasu na wanki, wasu na tsifa. Kalsum na zaune a kan tabarma ta jingina da bango. Tana ganinta ta fara yunƙurin tashi.

"Yi zamanki," in ji Hadijatu. Ta dire kula, ta buɗe, ta zuba a kwano ta tura gabanta. "Ci."

"Yaya, mu shiga ɗaki."

"Ba inda za ni. A nan kike rabar da shi, a nan za ki ci."

Kalsum ta dubi matan, ta sunkuyar da kai, ta rage murya.

"Yaya, kin fa san abin da na faɗa miki."

"Na sani! Duk na ji! Shi ne me? A kanki aka fara? Wannan ba dalili ba ne na ƙin abincina."

"Amma ai..."

"Abeg, bar ni da amma! Ko kina tsoron na zuba miki wani abu ne a ciki? Faɗa min gaban mutane in sani!"

Innalillahi. Duk wanda ya san mu ya san nauyin wannan magana. A ce kina zargin aminiyarki da sa miki abu a abinci, ai gara a mare ki.

Kalsum ta ɗago ta dube ta, idonta ya kawo ruwa. Ta yi bisimilla ta sa hannu. Ta ci naman, ta ɗaga kwano ta shanye romon. Hadijatu ta ƙara mata, ta kuma shanyewa.

"Yauwa. Ko ke fa?"

Ta rufe kularta ta tafi, zuciyarta fes, wai ta yi maganin girman kai.

Ranar Litinin da safe tana yankan alayyahu wayarta ta yi ƙara. Habibou ne.

"Maman Mahbub, muna asibiti. Numfashin Kalsum ne ya ƙi tun jiya."

Ko ɗankwali ba ta ɗaura daidai ba. Ta same shi a bakin ɗakin da aka kwantar da Kalsum, da rigar kwata a jikinsa, idanunsa jawur.

"Me ya same ta? Shekaranjiya fa lafiya lau na bar ta!"

"Ƙodar ce. Ruwa ya taru mata har ƙirji. Likita sai faɗa yake, wai dama ciwon ya yi nisa, an kuma ba ta abin da aka hana ta. Na rantse masa wata biyu ke nan ko gishiri ba mu ajiye a ɗaki. Ita kuma na tambaye ta, ta ƙi magana."

"Wace ƙodar?"

Habibou ya tsaya yana kallonta.

"Ke kike tambaya? Ai ke kaɗai ta faɗa wa. Ko mahaifiyarta ba ta sani ba. Ta ce min Yaya ce za ta koya mata girkin da za ta iya ci."

Hadijatu ta zauna a kan benci. Ta ciro waya. Ta yi ta ja sama, ta wuce tumatir, ta wuce gas, har ta kai saƙon ranar Talata. Ɗigon saƙon yana nan a inda ta tsayar da shi, minti biyu da 'yan daƙiƙu.

Ta danna, ta kara a kunne.

Kalsum ta ɗan yi zancen ruwan sama. Sannan muryar ta sauya.

"Yaya, dama abin da nake son faɗa miki... na je asibiti. Sun ce hawan jini ya taɓa min ƙoda. An hana ni gishiri, an hana ni dunƙule da kanwa, nama ma sai ɗan kaɗan. Wallahi na gaji da cin abu lami, ina kai loma sai in ji kuka. Ke kin fi kowa iya girki. Ki duba min wata dabara, don Allah. Kada ki faɗa wa kowa, ba na son a riƙa kallona da tausayi."

Ta ja numfashi.

"Tsoro nake ji, Yaya. In kin ji wannan, ko kalma ɗaya ce ki ce min."

Saƙon ya ƙare. A ƙarƙashinsa ga amsar Hadijatu, daƙiƙa goma sha ɗaya. Ba ta so ta kunna ba, amma yatsanta ya riga ya taɓa. Muryarta ta fito da ƙarfi, da ƙarar suya a bayanta:

"Ke dai kin cika tsiya! Miya ba dunƙule ai ruwan wanki ce. Ki zuba guda biyar, ki daina yi wa cikinki rowa!"

Habibou ya ji. Matar da ke kusa da ita a benci ta ji. Hadijatu ta kifa kai a cinya ta fashe da kuka, irin kukan da ba ka da wanda za ka ɗora wa laifi.

Allah ya yi da sauran kwana. Bayan kwana tara aka sallami Kalsum, amma an ɗora ta a kan wankin ƙoda. Tun kafin sallamar, ranar da aka bar Hadijatu ta shiga wajenta, ta durƙusa a bakin gado ta kasa haɗa ido da ita.

"Ban ji ba, Kalsum. Wallahi ban ji ƙarshensa ba. Ƙarya na yi ta yi miki ina cewa na ji."

Kalsum ta juyo ta dube ta.

"Da na san ba ki ji ba, Yaya, da ya fi min sauƙi. Wata biyu ina zaton kin ji, ba ki damu ba ne."

Wannan maganar har yau ba ta bar Hadijatu ba.

Ta karɓo takardar abincin da asibiti suka ba Habibou ta manna a bangon kicin. Gwanar Agege guda, sai ga ta tana zubar da tukunya bayan tukunya, tana ɗanɗanawa tana tsaki. Sai a ta shida, da albasa da tafarnuwa da citta, ta samu wadda Kalsum ta ci har ta suɗe hannu.

Saƙon Kalsum dai bai rage tsawo ba, har gobe sai ta gaida Mahbub da gajiyar shekaranjiya. Amma yanzu in ya shigo, Hadijatu takan kashe gas ta jawo kujera ta zauna. Albasa ta ƙone in ta ga dama.

Darasi: Kada ka ce "na ji" alhali ba ka ji ba. Mutanenmu da yawa ba sa fara magana da abin da ke cin su, sai sun gama gaisuwa da zancen duniya suke ajiye shi a ƙarshe, a hankali. Alherin da aka yi ba tare da saurare ba yana iya kwantar da wanda ake ƙauna. Yanzun nan ka duba wayarka, akwai saƙon da ka yanke a tsakiya, koma ka ƙarasa shi. Sannan ka tura wannan labari ga duk mai "na gane, na gane" da ka sani, ka roƙe shi ya karanta har ƙasa.