Bulon da Alhaji Abdulkabir Ya Buga wa Baƙi

Akwai wani mai buga bulo a Tsanyawa, ana kiransa Alhaji Abdulkabir. Da rikicin arewa maso gabas ya lafa, aka fara sake gina garuruwan da aka ƙona, sai ya samu kwangilar kai bulo wata makarantar firamare can. Mutumin nan har murna yake yi da ɓarnar. Cewa yake duk ginin da ya rushe kasuwa ce ta buɗe masa.

Sai ya rage siminti, ya cika yashi. Ban ruwan da ake yi wa bulo don ya yi ƙwari ma ya hana, wai ɓata lokaci ne.

Levi, babban ma'aikacinsa, ya ce, "Alhaji, yara ne fa za su zauna a ajin nan."

Alhaji ya yi dariya. "Waɗanda bam bai kashe ba, bulo ne zai kashe su? In ba za ka iya ba, ga hanya nan."

Levi ya ajiye shebur ya tafi. Alhaji ya loda motoci ya bi su gabas da sauran ma'aikatansa, ragowar bulon kuma ya bar shi jibge a filinsa.

Mahaifiyarsa, Inna Barira, ta daɗe tana roƙonsa ya gyara mata ɗakinta na ƙasa, yana cewa sai ya samu sarari. Bayan tafiyarsa bango ya tsage. Ƙanensa Iliyasu ya kira gayya, maƙwabta suka kwaso bulon da ke filin, suka tayar mata da sabon ɗaki. Ba su gaya masa ba, so suke ya dawo ya gani ya ji daɗi. Inna kuwa sai sa masa albarka take yi.

Damina ta yi nisa. Ran nan bayan la'asar aka yi ruwa mai iska, Inna tana ciki tana lazimi, ɗakin ya rufta mata.

Washegari Alhaji ya iso, an riga an kai ta makwancinta. Ya tsuguna a kan ɓaraguzan, ya ɗauki guntun bulo, ya marmashe a hannunsa kamar gari.

Iliyasu yana kuka ya ce, "Wallahi Yaya, da na wani ne da mun gwada shi. Naka ne, shi ya sa muka saki jiki."

Darasi: Algus ba ya tambayar ɗan wa zai faɗa wa. Wanda yaƙi ya raba da gidansa amana ne a hannunka, kada ka mai da shi ganima. Ku tura wa duk mai sana'ar da kuka sani.