Buhun da Baba Kabo Ya Ja a Kan Ciyawa

Akwai wani dattijo a unguwar Kudai ta Makka, ana ce masa Baba Kabo. Yana saurayi ya zo aikin Hajji daga Kano, ya samu iƙama, wato takardar izinin zama, ya yi shekaru yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Jidda, daga baya ya dawo Makka ya zauna. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya biyu: Rakan, ma'aikaci a wani kamfanin otal-otal, da ƙanwarsa Hanan, malamar makaranta.

Shekara biyu da suka wuce Rakan ya shiga wasan golf. Ba wai wasan ne ya burge shi ba, shugabansa a wurin aiki ne, Mish'al, yake bugawa. Tun daga ranar mutanen gidan ba su huta ba. Sanduna a falo, hula a kan firij, ko shayi aka miƙa masa sai ya yi bayanin yadda ake riƙe sanda.

Da hutu ya matso, sai Mish'al ya ɗora masa shirya musu, su biyu da wasu abokan aiki biyu, tafiyar kwana uku zuwa filayen golf na bakin Bahar Maliya, arewa da Jidda. Rakan ya ɗauki abin da zafi. Kullum yana kan waya, yana duba hotunan ciyawa kore shar da ruwa a gefenta.

Wata rana bayan sallar la'asar Baba Kabo ya matso kusa da shi, ya yi masa magana da Larabci kamar yadda suka saba.

"Ƙarfe nawa ka kama muku wurin?"

"Bayan la'asar, Baba. Lokacin rana ta yi sanyi."

"A bakin teku ka ce? To ka mayar da shi safe. Da rana ta karkata iskar ruwa take tashi. Za ta kwashe muku ƙwallaye."

Rakan ya yi dariya. "Halas, ya isa, Baba. Golf ne fa wannan, ba dara ba."

Tsohon ya ce, "Ka tafi da ni. Ba zan dame ku ba. Ko rami ɗaya ne in buga."

"Wallahi ba zai yiwu ba. Wurin manyan mutane ne, akwai nizami, komai da dokarsa. Ga mudir, shugaban nawa, yana nan."

Hanan tana kicin, ta ji komai, kuma ranta ya ɓaci. Ita ce take kai mahaifinsu asibiti. Hawan jinin ido ya riga ya cinye masa idon hagu, na dama ma yana tafiya, likita ya ce watanni ne suka rage. Rakan ya san da wannan, amma bai taɓa haɗa shi da roƙon tsohon ba.

Akwai kuma abin da Rakan bai sani ba, domin Hausarsa ta gaisuwa ce da neman abinci, kuma da zarar Baba ya fara labarin gida sai ya tuna yana da aiki. Kafin Baba Kabo ya zo Makka, shekara shida ya yi yana aiki a wani filin golf a can gida. Filin ba shi da ciyawa a bakin ramuka. Yashi ne ake gauraya da baƙin mai a dandaƙe shi. Aikin Kabo shi ne ya ja buhu a kan yashin, ya share hanya daga ƙwallo zuwa rami, in 'yan wasa sun wuce kuma ya goge sawunsu saboda masu zuwa. Ranar da babu kowa, shi da abokan aikinsa sukan buga da wata tsohuwar sanda. A ofishin wurin akwai kalanda mai hoton filin ciyawa a bakin teku. Shekara hamsin ke nan hoton bai bar kansa ba.

Hanan ta zauna a gabansa ta ce, "Baba, ni zan kai ka."

"Ke kin san golf ne?"

"Ban sani ba. Amma na san tuƙi, kuma na san naci."

Nacin kuwa ta yi shi. Fili na farko da ta kira suka ce sai da takardar shaidar ƙwarewa. Na biyu suka ce sai ɗan ƙungiya ya kawo shi. Na uku ta kira su sau huɗu, har mai ɗaukar wayar ya gane muryarta. A ƙarshe ya ce to, rami tara, ranar Talata da sassafe, amma ba a shiga da jallabiya, sai wando da riga mai kwala.

Da ta duba sunan filin, sai ta ga yana cikin filayen da su Rakan za su buga, ranar ma ta faɗo cikin tafiyarsu. Ta ce ba komai, shi da yamma zai buga, kafin ya fito sun kama hanyar gida. Ba ta gaya masa ba.

Ta je unguwar Aziziyya ta sayo riga da wando. Da Baba ya saka ya tsaya a gaban madubi, ya ce, "Yau kuma na koma ɗan sanda." Ta samo masa sanduna uku a kasuwar gwanjo.

Shi ma tsohon bai zauna ba. Kullum bayan asuba yakan taka daga gida zuwa tashar motocin alhazai ya dawo. Makon farko sau uku yake hutawa a hanya, a mako na huɗu ba ya tsayawa ko sau ɗaya. In Rakan ya fita aiki, sai ya hau saman bene ya shimfiɗa tsohuwar darduma, ya yi ta gara ƙwallo zuwa cikin kofin shayi. Wata rana gwiwarsa ta kumbura, Hanan ta ce a ɗaga tafiyar.

"Gwiwa za ta jira," in ji shi. "Idon ne ba zai jira ba."

Ranar Litinin su Rakan suka buga wasansu na farko bayan la'asar. Iska ta taso daga teku kamar yadda aka faɗa masa. Rakan kaɗai ya jefa ƙwallo bakwai a ruwa, hular Mish'al ma ta bi su. Da suka gama, Mish'al ya ce a fusace, "Gobe da safe za mu buga." Sai aka mayar da wasan Talata safe.

Da safiyar Talata, teku ta kwanta luf. Baba Kabo ya cire takalminsa a gefen fili, ya taka ciyawar da tafin ƙafa, ya daɗe a tsaye. Sannan ya mayar da takalmin ya fara wasa. In ya buga, ba ya ganin inda ƙwallon ta nufa. Hanan ce take tsayawa a bayansa ta ce, "Dama kaɗan, Baba, kusa da dabinon can."

Su Rakan suna biye da su, ba su san ko su wane ne ba. Sai a rami na takwas suka cim musu. Tsohon ya jefa ƙwallonsa a rami, sannan ya zaro wani buhun shinkafa da ya ninke a jakarsa. Ita kanta Hanan ba ta san ya taho da shi ba. Ya sunkuya ya fara jan sa a kan ciyawar, yana goge sawun da babu shi.

Abokan tafiyar biyu suka fashe da dariya. Rakan ya gane wanda yake gabansa.

Mish'al ya tambaye shi da Larabci, "Matar can tana kallonka. Ka san su ne?"

Rakan ya sunkuyar da kai. "A'a. Ina jin ma'aikacin wurin ne."

Idon Baba Kabo ne ya raunana, kunnensa lafiya lau. Hannunsa ya tsaya a kan buhun na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba da ja har ya kai ƙarshe.

Mish'al bai yi dariya ba. Ya sauka daga ƙaramar motar filin ya nufi tsohon, ya gaishe shi da hannu biyu.

"Ya ammi, a filin yashi ka koyi wasan nan, ko?"

"A can na koya."

"Na sani. Mahaifina a filin yashi ya yi wasa a gabashin ƙasar nan. Har ya rasu, in ya gama rami sai ya share da ƙafarsa. Yakan ce na bayanka ma mutum ne. Rabona da ganin wannan tun ina makaranta. Da wa ka zo?"

"Da 'yata."

"Masha Allah. Ba ka da ɗa namiji da zai riƙe maka jaka?"

Baba Kabo ya ninke buhunsa a hankali. "Ina da shi. Yaron kirki ne. Yana wurin aiki, shi ya sa bai samu zuwa ba."

Jama'a, da tsohon nan ya zage shi, da ya fi wa Rakan sauƙi. Yanzu ya yi ƙarya a kan mahaifinsa don ya ɓoye shi, ga mahaifin ya yi ƙarya don ya rufa masa asiri. Kunya ta rufe shi, ya ji ya tsani kansa.

Rami na tara gajere ne, amma akwai wani lungun teku tsakanin wurin bugu da tutar da aka kafa a ramin. Mish'al ya roƙi tsohon su buga shi tare. Baba Kabo ya tsinko ciyawa kaɗan ya sake ta a gaban fuskarsa don ya ji inda iska ta nufa, ya zaɓi sanda, ya ce, "Hanan, zo ki gane mini."

Kafin ta motsa, Rakan ya riga ta. Ya tsaya a bayan tsohon, ya juya ya fuskanci Mish'al da sauran.

"Ƙarya na yi muku. Wannan mahaifina ne. Ya roƙe ni in taho da shi na ƙi."

Baba Kabo bai ko waiwayo ba, ya ce, "To ka taso daga aikin? Tsaya daidai, ka buɗe ido."

Ya buga. Ƙwallon ta tashi ta haye ruwan, ta sauka a kan ciyawa, ta gangara ta tsaya.

"Ina ta faɗa?"

Rakan ya buɗe baki, ya haɗa 'yar Hausar da yake da ita. "Ta wuce ruwa, Baba. Tana kusa da tuta. Taku uku."

"Alhamdu lillahi," in ji tsohon. "Ɗauko buhun."

Rakan ne ya ja buhun a rami na tara, da rigarsa mai tsada, a gaban shugabansa.

Wata biyar bayan haka idon dama ya rufe. Yanzu in Rakan ya taso daga aiki, wurin Baba yake zama, kuma shi ne yake roƙon a ba shi labarin gida. Hausarsa har ta fara miƙewa. Tsohon yakan ba shi labarin safiyar nan rami bayan rami, yadda raɓa take a kan ciyawa, da inda kowace ƙwallo ta sauka. Rakan yakan saurara, wani lokaci ya share hawaye. Rami ɗaya kawai ya gani da idonsa daga farko har ƙarshe. Sauran takwas ɗin sai dai ya ji su a bakin mutumin da ba ya gani.

Darasi: Kada ka ji kunyar iyayenka saboda mutanen da kake son burgewa, kuma kada ka ɗauka ba su san komai ba don kawai ba ka taɓa zama ka tambaye su ba. In sun roƙe ka abin da kake iyawa, yi musu shi yau, tun suna iya gani da ji. Ka tura wa ɗan'uwanka wannan labarin, wataƙila akwai roƙon da yake ta ɗagawa.