Safar Hannun Baba Eleuterio

Na rantse da Allah ba za ku yarda da wannan labari ba, ko da zan tara muku shaidu cike da mota. Amma ku je garinmu ku tambayi kowane mai keken haya, zai nuna muku ragar da abin ya faru.

Akwai wani matashi mai suna Wilber Pech, ɗan gaba ne a ƙungiyar ƙwallo ta masu keken haya. A gudu babu mai kama shi, a tsokana kuwa garin kaf babu na biyunsa. Tun yana aji biyu na sakandare aka sallame shi, bayan ya saka ƙadangare a jakar malamar lissafi, kuma har ya girma yana ba da labarin kamar wata lambar yabo. Aibinsa ɗaya ne: in dai za a yi dariya, bai damu da wanda zai yi kuka ba.

Mai tsaron gidan ƙungiyar shi ne Baba Eleuterio Canul, mai shekara arba'in da takwas. Shekara ashirin da biyu yana tsaye a ragar nan, bai taɓa ɗaga kofin bikin gari ba. A wannan shekarar suka kai wasan ƙarshe, da su da ƙungiyar mahauta. Ya faɗa wa kowa cewa gwiwoyinsa sun gama, daga wannan wasa ya ajiye. Yana da wata ɗabi'a da kowa ya sani: duk ƙwallon da ya kama, sai ya tofa yawu a safar hannunsa, ya murza, ya shafe zufar fuskarsa da ita.

Wata rana a wajen atisaye Wilber ya zubar da ƙwallo a gaban raga fayau. Baba Eleuterio ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai, Wilber! Wannan ƙafa ce ko fedar keke? Ko kakata za ta ci wannan, da zani a jikinta!"

Aka yi ta shewa. Wilber ma ya yi dariya, amma ya ƙulla a ransa. Ranar Alhamis ya biya ta teburin Inna Nidia, matar Baba Eleuterio, wadda ke sayar da abinci a bakin fili. Ya ɗebi attarugu cike da hannu, ya ce miya zai yi. Ya shiga rumfar da ake ajiye kayan wasa, ya murje attarugun tas a tafin safar hannun tsohon. Nufinsa a sha dariya a atisayen yammacin ranar, a wanke, shi ke nan. Sai ruwan sama ya tsuge, aka fasa atisaye, safa ta koma cikin jaka.

Ranar Lahadi aka taru don wasan ƙarshen. Saboda biki, rabin 'yan ƙungiyar sun tafi jigilar fasinja, sai aka tashi mutum goma sha ɗaya cif, babu ko ɗan canji ɗaya. Wilber ya ga tsohon yana zura safar. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ce a ransa, ai kwana uku ke nan, ya bushe.

Minti goma da farawa Wilber ya yanke mutum uku ya zura ƙwallo a ragar mahauta, irin cin da ba a taɓa gani ba a filin nan, kuma ba za a sake gani ba. Gari ya ɗauka da ihu. Can kuma rana ta take, zufa ta fara. Baba Eleuterio ya yi tsalle ya cafe wata ƙwallo, ya tofa yawu, ya murza, ya shafe fuska. Sai ya saki ƙwallon ya durƙusa.

"Idona! Wayyo, idona!"

Da safen ranar aka ja layukan fili da farar ƙasa, an kuma zuba ta da yawa a bakin raga. Kowa ya san yadda take ƙona ido, don haka babu wanda ya yi tunanin wani abu daban. Aka yi ta zagin wanda ya ja layin. Aka riƙo tsohon zuwa inuwa ana kwara masa ruwa, shi kuwa yana cewa, "Ku bar ni in koma, ina gani kaɗan-kaɗan." Amma ko hannunsa ba ya gani.

Kyaftin ɗin ƙungiyar, Gaspar Dzul, ɗan baya ne da bai taɓa tsayawa a raga ba. Ya duba fuskokin mutanensa, kowa ya sunkuyar da kai.

"To, matsorata, ni zan shiga. Wilber, miƙo mini safar can."

Nan ne fa. Wilber ya sunkuya ya ɗauki safar da yatsu biyu ta wajen maɗaurinta. Kalma uku kacal za su isa: kada ka saka. Amma ya hango taron jama'a, ya hango Inna Nidia tana yi wa mijinta fifita, ya tuna sunansa da ake ta kira tun da ya ci. Ya miƙa wa Gaspar safar, bai ce komai ba.

Gaspar ya yi ƙoƙari, yana tare ƙwallo da ƙirji da gwiwa kamar mai korar awaki. Bayan hutun rabin lokaci zufa ta gangaro masa, ya kai hannu ya share. Mahauta suka bugo kwana a daidai lokacin da yake tsalle-tsalle yana ihu shi kaɗai. Ɗaya da ɗaya. Aka fitar da shi, aka zaunar kusa da tsohon. Saura mutum tara.

Daga inuwa Baba Eleuterio ya ɗaga murya, idanunsa a rufe. "Ku sa Wilber! Ya fi kowa tsawo, ya fi kowa zafin nama. Wilber, ɗana, riƙe mini gidan nan. Minti talatin kawai nake roƙonka."

Da a ce zaginsa ya yi, da ya fi masa sauƙi. Wilber ya saka rigar gola. Aka miƙo masa safa, ya ja da baya.

"A'a, ni da hannu haka na fi iyawa."

"Kai mahaukaci ne? Bugun mahauta za ka tare da hannu tsirara?"

"Na ce ba na so!"

Ya shure safar gefe. Gudun da yake taƙama da shi bai amfane shi da komai ba a tsakanin ƙarafan nan. Ƙwallo ta farko ta lanƙwashe masa yatsa ta shige. Ta biyu ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, 'yan kallon mahauta suna ta yi masa waƙa, wai ya rufe ƙofa kaji na fita. Alƙali ya hura usur, uku da ɗaya. Baba Eleuterio bai ga ko ɗaya ba, da kunne ya ji kofinsa ya tafi.

Inna Nidia dai ta lura da yadda Wilber ya shure safar nan kamar ya ga kunama. Ta je ta ɗauka, ta kai hanci, ta yi atishawa. Ta tako har bakin raga, 'yan ƙungiya na biye da ita.

"Wilber, yaya miyar ranar Alhamis? Ta yi daɗi?"

Ta nuna masa safar, ta ci gaba.

"Shekara talatin ina yanka attarugu, ka ɗauka ban san ƙanshin nawa ba? Mara kunya! Mutumin da ya koya maka ɗaure takalmi!"

Gaspar ya yunƙuro da jajayen idanu zai shaƙe shi, aka rirriƙe shi. Ya ce, "Na tsoho ka iya cewa wasa ne. Ni fa? Da hannunka ka miƙo mini!"

Sai aka jagoranto Baba Eleuterio. Fuskarsa ta kumbura, hawaye na zuba ba na kuka ba. Bai ɗaga murya ba.

"Wilber, lokacin da nake cewa ɗana, ka sani?"

"Na sani, Baba."

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya lalubi safar a hannun matarsa ya miƙa masa. "Ka raba ƙungiya da gola, kai za ka biya ta. Daga yau ba ka ƙara cin ƙwallo. Raga taka ce, har sai ka kawo kofin da ka zubar. Saka."

Wilber ya zura hannuwansa a gaban kowa. Tun yajin bai kai ga fuskarsa ba, idanunsa suka cika.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, tsokana tana iya zama kuskure, amma shirun da ke biyo bayanta zaɓi ne. Wanda ya yi ɓarna ya faɗa da wuri, kunyar minti ɗaya zai sha. Wanda ya yi shiru don kare sunansa, sai ya ƙara cutar da wani, sunan kuma ya zube duk da haka. Idan kuna mamakin yadda na san abin da ke zuciyar Wilber, ku zo fili ranar Lahadi ku dubi wanda ke tsaye a raga. Shekarata shida ke nan a wurin. Baba Eleuterio yana zama a inuwar nan kowane mako, kuma har yau ban kai masa kofinsa ba.