Jirgin Ruwan Da Tajuddeen Bai Taɓa Shiga Ba

Akwai wani ɗalibi mai suna Tajuddeen da ke digiri na uku a Kuala Lumpur. Mutum ne mai kirki da son taimako, amma bakinsa bai iya cewa "ban sani ba". Ya taɓa kwana huɗu a Athens, babban birnin Girka, tun daga nan duk maganar Turai a unguwarsu ta Cheras sai ta bi ta kansa.

Maƙwabcinsa Datti, ɗan Gusau, shi ma ɗalibi ne, shekara uku rabonsa da gida. Abu ɗaya ya rage masa: ya gabatar da takarda a taron masana, sannan a karɓi kundinsa a wannan zangon. Aka ba shi ranar Talata, ƙarfe biyu na rana, a Kirit, tsibiri mafi girma a Girka. Matarsa Halimatu Sadiya har ta gaya wa yara cewa da Baba za a yi babbar sallah.

Datti na zaune a mamak, wato gidan abinci da shayi na unguwar, ya buɗe kwamfuta zai sayi tikitin jirgin sama daga Athens zuwa tsibirin, sai ga Tajuddeen da shayinsa.

"Haba Malam Datti, jirgin sama kuma? Ka je Girka ba ka hau teku ba?"

"Dakta, ni fa tsoron makara nake."

"Makarar me kuma? Ka tuna zuwanmu tsibirin Langkawi a nan Malesiya? Mun hau jirgin ƙasa, muka sauka, muka shiga na ruwa. To haka yake. Kowace awa akwai. Ka yi sammako, kafin azahar kana can."

"Ka shiga da kanka?"

Tajuddeen bai taɓa shiga ba. Bakin tashar jiragen ruwan kawai ya taɓa tsayawa, ya ga jirage jere, ya ƙiyasta sauran. Amma mutum uku na teburin suna kallonsa.

"Sau biyu ma," in ji shi.

Datti ya rufe kwamfutar. Bai sake dubawa ba, don a wurinsa wanda ya taka da ƙafarsa ya fi abin da aka rubuta.

Ranar Talata da rana, Tajuddeen na layin tapau, wato sayen abincin tafi-da-gidanka, wayarsa ta yi ƙara. A Girka gari bai daɗe da wayewa ba.

"Dakta, ina tashar," in ji Datti, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Sun ce jirgin yau sai da daddare zai tashi. Tafiyar awa tara ce. Gobe da asuba yake isa."

"Ka koma filin jirgin sama mana!"

"Na duba. Babu kujera sai yamma. Ko akwai wata tashar da kuka shiga, wadda ban gane ba?"

Har a lokacin bai zarge shi ba. Tajuddeen ya bar abincin a kan kanta ya fita.

Masu taron ba su da wani gurbi. Jami'a ta ɗage kundin zuwa zango na gaba, wata shida ke nan.

Datti ya dawo ranar Asabar. Kwana uku Tajuddeen yana hawa matakala har hawa na tara don kada su haɗu a lif. A na huɗu ya ƙwanƙwasa ƙofa.

"Malam Datti, ban taɓa shiga jirgin nan ba. Ban taɓa ganin Kirit ba. Kunya na ji in ce ban sani ba."



"Ni ma da laifina, ban duba ba. Na yafe maka," in ji Datti. "Amma akwai abin da na kasa. Halimatu Sadiya ta ɗauka an gama komai. Jiya take gaya mini ta kai ɗinkin sallar yara har da nawa."

Ya danna lambarta, ya miƙa masa wayar.

"Kai ka iya bayani, Dakta. Gaya mata."

Wayar ta yi ƙara sau biyu. Wata ƙaramar yarinya ce ta ɗauka.

"Baba! Saura kwana nawa?"

Darasi: Idan aka tambaye ka hanyar da ba ka bi ba, ka ce ba ka sani ba. Kunyarka ta minti ɗaya ce, amma wanda ya gaskata ka shi zai tsaya a tasha, tare da duk masu jiransa a gida. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu amsa a kan komai.