Sallamar Jaki a Ƙofar Tsawa

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta ƙaraso mu ji ta.

A da can, muryar Jaki siririya ce, ko jariri mai barci ba ta tayarwa. Ran nan ya ga Walƙiya, 'yar Tsawa, ya ce in ba ita ba sai rijiya. Walƙiya ta ce ya je ya gai da innarta, in ta amsa masa, magana ta ƙare. Amma kun san sallama uku ce, in ba a amsa ba sai mutum ya juya.

Jaki ya ɗauki Gizo ɗan rakiya, suka hau dutse har ƙofar gidan Tsawa. Ya durƙusa, ya yi sallama a hankali, yadda ake yi a gidan surukai. Shiru.

Gizo ya ce, "Tsohuwar nan ƙararta ta kashe mata kunne. Bari in aro maka murya."

Ya aro gurnanin Zaki, Jaki ya haɗiye, ya sake sallama. Birai suka faɗo daga itatuwa. Shiru.

Saura ɗaya. Jaki ya roƙi Gizo ya ƙaro masa murya, don da gaske yake son yarinyar. Gizo ya aro kukan Giwa da na Kura, ya haɗa da ƙarar tsohuwar ƙofa. Jaki ya haɗiye duka, ya wage baki. Dutsen ma sai da ya tsage.

Walƙiya ta leƙo, ta ce, "Don me ka yi haka? Inna ba kurma ba ce. Maganarta ce ba ta da sauri, kullum ni nake riga ta isowa."

Sai ga amsar farko ta gangaro: "Maraba da yaro mai ladabi. Na ba ka ita."

Jaki ya hau rawa.

Sai ga ta biyu: "Na ji, ɗana, ba sai ka ɗaga murya ba."

Rawa ta tsaya.

Ta uku kuwa har ƙasa ta girgiza: "Wane marar kunya ne yake min ihu a ƙofa? Na fasa!"

Jaki ya waiga, Gizo ya daɗe da cika wandonsa da iska. Ga mata babu, ga muryoyin aro sun maƙale a maƙogwaro.

Shi ya sa har gobe in Jaki ya buɗe baki don ya ba da haƙuri a hankali, sai Zaki da Giwa da tsohuwar ƙofa su riga shi fitowa. Ku kuma in kun yi sallama, ku jira amsa.

Ƙurunƙus kan ɗan jaki.